Ciwon Sagir na Ranar Kasuwa

Da sunan Allah da ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Na daɗe ina son in ba da labarin jinyar ɗana Sagir, amma sai yanzu da ya warware na samu natsuwar zama in tsara shi daga farko. Ba don a tausaya mana nake faɗa ba. Mun yi watanni muna neman ciwon a tumbin yaron da jininsa, alhali ba can yake ba, kuma na tabbata ba gidanmu kaɗai hakan ta taɓa samu ba.

A Dutsi muke zaune. Maigidana, wanda nake kira Malam, fataucin dabbobi yake yi. Yana sayen awaki da tumaki a kasuwannin ƙauye ya kai Daura ko Mai'aduwa, wani lokaci har Kano. Ni kuma ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a gida. Mahaifiyar Malam, Iya, tana tare da mu. Sagir shi ne na uku a 'ya'yana, a lokacin shekararsa goma sha uku, yana ajin farko na ƙaramar sakandare. Yaro ne mai surutu da son ƙwallo, yana da tattabaru a bayan ɗakina da yake ji da su kamar me.

Ana gab da babbar sallah motar da ta ɗauko su Malam daga kasuwa ta yi hatsari, taya ce ta fashe musu. Wani ɗan acaɓa da ya wuce ta wurin shi ya kawo labari garinmu, kuma abin da ya faɗa shi ne babu wanda ya fita da rai. Ya tarar da Sagir a ƙofar gida, ya ce masa ya shiga ya faɗa a ciki. Yaron ya shigo ya tsaya a kaina ina tuya, bakinsa yana motsi amma magana ta ƙi fita, sai da mutumin ya ɗaga murya daga zaure muka ji. Tun hantsi gida ya cika, aka yi ta kuka har la'asar, sannan ƙanena Lawal, wanda yake koyarwa a Daura, ya iso ya ce ya ga Malam da idonsa a asibiti, yana da rai, hannu ne ya karye sai raunuka a ka. Direban da wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu.

Daga nan hankalin kowa ya koma kan Malam. Aka yi ɗori, aka yi jinya, 'yan dubiya suna ta zuwa. Sagir shi ne mai kai masa ruwan alwala da shimfiɗa wa baƙi tabarma, kowa yana sa masa albarka. Da hannun ya haɗe, Malam ya koma kasuwa, muka ce alhamdu lillahi, komai ya wuce.

A makon da ya koma ɗin ciwon ya fara. Da safe Sagir ya riƙe ciki, ya yi amai, ya ce ba zai iya zuwa makaranta ba. Mai kemis na unguwarmu ya ce maleriya ce, ya yi masa allurai. Da magariba ya warware har ya ci tuwo, muka ce allura ta karɓe shi. Bayan kwana biyu abin ya dawo. A mako na uku sai ya ƙara da bugun ƙirji. Zai zauna kawai sai ka ga zufa ta keto masa, yana jan numfashi sama-sama kamar wanda ya yi tsere, tafin hannunsa ya yi sanyi ƙalau. Muka je asibitin garinmu, aka ɗebi jini, aka ce taifod, aka yi masa ƙarin ruwa. Ya sha maganin har ya ƙare, ciwo yana nan, yau lafiya gobe babu.

Sai muka nufi babban asibiti a Daura. Duk wanda ya taɓa bin layin kati a can ya san abin da nake nufi. Ka fito da sassafe, ka ga likita bayan azahar, kuma kafin ka gama zama ya riga ya fara rubutu. Aka ce gyambon ciki ne, aka hana shi yaji da tsami da abin da aka soya. A wannan zuwan na sayar da tunkiyata, don gwaje-gwajen da aka rubuta sun fi ƙarfin cinikin ƙuli-ƙuli, Malam kuma bai gama farfaɗowa daga asarar dabbobin da suka mutu a motar ba.

Shawara kuwa mun sha ta. Iya ta ce iska ce, ta sa aka kawo rubutu da turaren hayaƙi. Wata maƙwabciya ta ce baki ne ya kama shi saboda yabon da aka yi ta yi masa lokacin jinya. Aka kawo zuma da man zaitun da habbatus sauda, duk ya sha. Yayan Malam ya ce shi bai ga ciwo ba, gudun makaranta ne, a bar shi da yaron kwana ɗaya da tsumagiya zai warke. Wanda nake yi wa addu'a har yau shi ne malamin da muka kai wa don ruƙiyya. Ya yi karatu mai tsawo a kansa, Sagir yana zaune shiru yana kallon tabarma. Da ya gama ya ce da Malam shi dai bai ga alamar aljani ba, kuma ba zai ce ya gani don a sallame shi ba. Ya ce a ci gaba da addu'a safe da yamma, amma a koma asibiti.

Zuwa wata na uku yaron ya zama wani daban. Amai ya ragu, amma shi ma ya ragu. Ya daina zuwa ƙwallo. Makaranta ta tsaya gaba ɗaya. Tattabarun ya bar su da yunwa, har wata rana ya kira ɗan maƙwabta ya ce ya kwashe su duka, kyauta. Abinci sai ya jujjuya ya ture. Yini yake a zaure yana kallon hanya. Iya, da suke wasan jika da kaka, ta kan tsokane shi ta ce wannan ragon miji ta fasa aurensa, da can kuwa sai ya rama har ta kore shi da mafici, amma yanzu ko ɗaga kai ba ya yi. In na tambaye shi me ke damunsa, amsa ɗaya ce, babu komai, Umma.

Lawal ne ya matsa muka sake komawa Daura. A wannan karon Allah ya haɗa mu da wata likita mace, matashiya, da ta ajiye biro ta karanta duk takardun gwajin da muka tara. Ta ce jikin yaron nan lafiyarsa lau, amma yaron ba lafiya. Ta rubuta mana takarda zuwa Katsina, wurin likitan da ke duba abin da ya shafi tunani da ƙwaƙwalwa.

Da Malam ya ji inda aka tura mu, ransa ya ɓaci. Ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne, kuma in aka ji a gari, sunan zai bi yaron har ranar da zai nemi aure. Iya ce, wadda na zata za ta fi kowa ƙi, ta kira shi ɗakinta. Ta ce nata maganin an yi, na yayansa ba za a yi ba muddin tana da rai, saura wannan. Ta ce yaron yana narkewa a gabanta kamar man shanu a rana, ita kuma ba za ta binne jika don gudun bakin mutane ba. Malam bai sake musu ba.

Zuwanmu na farko Katsina a banza ya tafi. Babu wanda ya faɗa mana cewa rana ɗaya tak a mako likitan yake ganin yara. Muka kashe kuɗin mota, muka sha rana, wata ma'aikaciya ta daka mana tsawa kamar mu muka tsara ranakun, muka juyo. Wannan ina faɗa ne don masu iko su ji, rubuta ranar a jikin takardar ba zai ci musu komai ba.

Mako na gaba muka koma ni da Sagir da Lawal, Malam ya tafi kasuwa. Likitan dattijo ne mai magana a hankali. Ya gaisa da Sagir kamar yadda ake gaisawa da babba, ya tambaye shi ko yana cikin damuwa. Sagir ya ce a'a, alhamdu lillahi. Likitan ya yi murmushi ya ce da ni duk yaron kirki haka zai amsa, shi ya sa ba a tsayawa a wannan tambayar.

Ya ɗauko takarda mai jerin tambayoyi, da wani kwali da aka zana kofuna huɗu a jiki: ɗaya babu komai, ɗaya da ruwa kaɗan, ɗaya ya wuce rabi, ɗaya cike. Ya ce kofin farko yana nufin sam abin ba ya faruwa, na biyu jefi-jefi, na uku sau da yawa, na huɗu kullum. Ba sai yaro ya yi magana ba, ya nuna da yatsa ya isa. Ni aka fara yi wa, Sagir yana waje da kawunsa. Yana barci sosai? Na ce yana yi, tunda ban taɓa jin motsinsa ba. Yana yawan jin tsoron wani abu zai sami wani nasa? Na ce jefi-jefi, kamar kowa. Yana kuka? Na ce sam, Sagir ba mai kuka ba ne. Haka muka bi su har ƙarshe, sannan aka ce in fita shi ya shigo.

Sun daɗe a ciki. Da aka sake kirana, likitan ya ce ya nemi izinin Sagir kafin ya nuna mini, kuma ya yarda. Ya ajiye takardata da tasa gefe da gefe. A kan cin abinci da daina wasa, amsarmu ɗaya. A sauran kuwa kamar ba yaro ɗaya muke magana a kai ba. Barci, ba ya samu sai kaɗan. Kuka, sau da yawa, a bayan ɗaki inda tattabarun suke a da. Tsoron wani abu zai sami wani nasa, kofin da yake cike. Akwai wata tambaya can ƙasa, ko ya taɓa jin gara a ce ba ya duniya. Ni na amsa ta da a'uzu billahi. Shi ya nuna kofi na biyu.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Likitan ya bar ni na natsu, sannan ya ce kada in ga laifin kaina, iyaye suna ganin abin da ke waje ne, na ciki sai mai shi, shi ya sa ake tambayar ɓangare biyu. Ya ce takardar ba kamar gwajin jini ba ce da za ta yanke hukunci ita kaɗai. Tana nuna masa ne inda zai tona, tana kuma ba shi abin da zai gwada da shi nan gaba ya ga ko ana samun sauƙi. Sai ya tambaye ni waɗanne ranaku ciwon cikin ya fi tashi. Na fara lissafi a zuci, ranar kasuwar kaza, ranar kasuwar kaza, ranar da aka yi lodin Kano. Duk ranakun da Malam ya hau mota ne. Watanni ina kallo ban haɗa ba, don ni ina duba abin da ya ci ne.

A nan Sagir ya yi magana, kansa a ƙasa.

"Umma, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida, sai in ji kamar mutumin nan ne ya dawo. Kuma ni zai sake faɗa wa."

Likitan ya ce sunan abin ciwon fargaba, kuma da ya daɗe ba a gane ba sai ciwon damuwa ya hau kansa. Ya ce ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, ba kuma ƙarya yaron yake ba, cikin yana ciwo da gaske, ƙirjin yana bugawa da gaske, tsoro ne yake murɗa su. Ya ce mu kawar da maganin feshin gona da duk wani abu mai cutarwa daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi yini shi kaɗai, kuma zuwa na gaba lallai da mahaifinsa.

Malam ya zo, fuska ba walwala. Amma da likitan ya gama yi masa bayani, sai ya ce in haka ne ya bar fatauci, zai zauna ya yi noma, yaron ya riƙa ganinsa kullum. Na ji daɗin maganar, na zata likitan ma zai yaba. Sai ya ce a'a.

"Malam, in ka zauna a gida, ka tabbatar masa ke nan cewa hanyar mutuwa ce. Ka ci gaba da tafiya, ka ci gaba da dawowa. Dawowar taka ita ce rabin maganin."

Ya tsara mana abin da za mu yi. Malam ya daina sulalewa da asuba don kada yaron ya gani, kamar yadda ya fara yi. Ya tashe shi, su yi salla tare, ya faɗa masa inda za shi da lokacin da yake sa ran dawowa, su yi addu'ar tafiya, sannan ya fita a gabansa. Ya koya wa Sagir yadda zai ja numfashi a hankali ya sake shi in ƙirjin ya fara. Makaranta kuma a koma da kaɗan-kaɗan, ko da zuwa tara ne ya dawo. Sabis ɗin waya bai daɗe da isowa garinmu ba, Malam ya sayi 'yar ƙaramar waya ya bar mini, amma likitan ya ce kira ɗaya in ya isa kasuwa, shi ke nan, don in aka bar yaron zai yini yana kira, tsoron kuma ƙaruwa zai yi.

Makonnin farko sun yi wuya. Akwai safiyar da Sagir ya riƙe rigar babansa a zaure, Malam ya cire hannunsa a hankali ya fita, na ga yana share ido da hannun riga kafin ya sha kwana. Duk bayan mako biyu muna Katsina, duk zuwa sai an sake tambayoyin nan. Bayan wata guda tsoron ya ɗan sauka amma damuwar tana nan inda take, sai likitan ya ƙara da wata 'yar ƙwaya da safe. Ta sa shi tashin zuciya a makon farko, Iya ta ce a zubar, likitan kuwa ya riga ya gargaɗe mu kada a tsayar da ita sai da saninsa, muka daure. Maganin ba kullum ake samunsa a Daura ba, sai Lawal ya yi saƙo Kano. A gari kuma maganar ta fita, kamar yadda Malam ya ji tsoro. Wata mata ta hana ɗanta zama kusa da Sagir a Islamiyya. Malamin Islamiyyar da kansa ya dawo da Sagir ya zauna kusa da shi, Allah ya saka masa.

Sauƙin bai zo a miƙe ba. Da damina ta faɗi aka yi wani hatsarin a hanyar Baure, ba wanda muka sani a ciki, amma Sagir ya ji ana hirar a masallaci, ciwon ciki ya dawo kamar ba a taɓa magani ba. Na karaya ƙwarai. Likitan ya jero mini takardun tun daga ta farko, ya nuna mini cewa ko a wannan makon mai muni bai koma inda ya fara ba, tambayar nan ta ƙasa kuma tun wata na biyu take kofin da babu komai. Wannan ya riƙe ni. Da ba a auna ba, da na ce duk wahalar banza muka yi.

A hankali yaron ya dawo. Ya fara cinye tuwonsa ya nemi ƙari. Ya koma yini a makaranta, ko da yake sai da ya maimaita aji. Ranar da na ji Iya tana bin sa da mafici yana dariya don ya ce mata tsohuwa mai rowar goro, shiga ɗaki na yi na yi sujada.

Abin da zan ce wa iyaye 'yan uwana kaɗan ne. In yaro yana ciwo yana warkewa, gwaji kuma bai nuna komai ba, a duba ranakun da abin yake tashi, a tuna abin da ya gani ko ya ji kafin ya fara. In an yi rasuwa ko hatsari ko wani tashin hankali a gida, yaran da ke tsaye a gefe su ma abin ya same su. Kuma "babu komai" a bakin yaro ladabi ne, ba amsa ba ce.

Zuwanmu na ƙarshe, bayan an janye ƙwayar a hankali, mu uku muka je. Aka yi tambayoyin, likitan ya duba ya ce ya sallame mu, sai dai in wani abu ya taso. Muka yi godiya, na miƙe, Sagir ya miƙe. Malam bai tashi ba. Yana zaune yana juya hularsa a hannu.

"Likita," ya ce, "waɗannan tambayoyin, akwai na manya?"

Likitan ya ce akwai. Malam ya ce, ba tare da ya dube ni ba, tun ranar hatsarin bai taɓa shiga mota hankalinsa kwance ba. In direba ya taka wuta sai hannunsa ya jiƙe da zufa, akwai ranakun da yake cewa a tsaya zai kama ruwa, alhali so yake kawai ya taka ƙasa. Ya ce duk safiyar da yake cire hannun yaron daga rigarsa, shi ma ba son fitar yake ba.

Likitan ya jawo aljihun teburinsa ya ɗauko wata takardar, ya ce ni da Sagir mu ɗan jira a waje. Muka fita muka zauna a benci. Ina ta kallon ƙofar, zuciyata cike da tambayoyi. Sagir ya taɓa hannuna.

"Umma, in ya fito kada ki tambaye shi abin da ya nuna. Ki bar shi, zai faɗa da kansa."

Na ce to. Muka ci gaba da jira.